Fentin inuwa ya ɓata sojojin Yaya, saura kwana 12 ya dawo

Wasiƙar wannan makon daga wani matashi ta zo, na taƙaita ta:

"Yayana yana da tarin 'yan mutum-mutumin sojoji na wasan yaƙi da ake yi a kan tebur. Shekaru ya yi yana tara su, shi ke yi musu fenti da hannunsa. Na daɗe ina roƙonsa ya bar ni in gwada. Da zai yi tafiyar aiki sai ya ba ni guda 10 da ya riga ya harhaɗa, masu farar alkyabba da sulke, ya ce in bi a hankali. Dare huɗu na yi ina shafa launukan farko, sun fito tsaf. Sai na ɗauko wata kwalbar baƙin fenti mai ruwa-ruwa a kan kantarsa, irin wanda na ga ana shafawa sau ɗaya komai ya fito raɗau. Na lafta musu daga kai har ƙafa, na kwantar da su rigingine su bushe. Bayan kamar minti 10 na ga ya taru a wasu wurare, na sa buroshi in baza shi, sai ya saɓule kamar fata. Na kunna na'urar busar da gashi, abin ya ƙara lalacewa. Na ɗauka kauri ne ya yi masa yawa, na zuba ruwan famfo a kwalbar na ƙarasa huɗun da suka rage. Yanzu alkyabbobin sun yi dabbare-dabbare, shidan farko suna sheƙi kamar an shafa musu mai, huɗun ƙarshe kuma sun yi fari-fari a lunguna. Kiransa biyu ban ɗauka ba. Ina tunanin ko in sayo sababbi a ɓoye in maye gurbinsu, ko in ce masa fentin ne ya lalace saboda daɗewa. Me zan yi?"

Ƙanena, kwantar da hankalinka tukuna. Cikin sojojin nan goma babu wanda ya mutu. Fentin akirilik a kan roba ana rufe shi da wani, in ta kama kuma ana wanke shi a koma farko. Abu ɗaya tak ka lalata wanda ba ya gyaruwa, shi ne kuma wanda ka ambata a gurguje ka wuce: kwalbar da ka zuba wa ruwan famfo. Za mu dawo kanta.

Ka fara sanin abin da ke hannunka. Ɗan sojan nan tsayinsa milimita 28 ne zuwa 32. Ninkin rigarsa da ƙyar ya kai kaurin farce, don haka inuwar da hasken ɗaki ke jefawa a ciki ba ta da ƙarfin da ido zai kama ta, balle ga 'yan wasa da ke tsaye suna kallon tebur daga tazarar kamar mita guda. In ba a sa masa inuwa da hannu ba, dunƙulen launi kawai za a gani. Aikin fentin inuwa ke nan. A ido yana kama da fentin da aka cika wa ruwa, amma haɗinsa daban ne: garin launi kaɗan a cikin ruwan danƙo mai yawa, da sinadarin da ke hana ruwa dunƙulewa ya sa shi malala, da wani farin gari mai kashe sheƙi. Da ka ɗora shi sai ya gangaro daga tudu ya nemi kwari, ya shige tsakanin yatsu, ƙarƙashin ɗamara, cikin ramukan sulke, gefen kwalkwali. A tudu ya bar ɗan shara-shara da launin da ke ƙarƙashinsa ke leƙowa ta cikinsa, a kwari ya taru ya yi duhu. Shi ya sa na tabbata sulken sojojinka ya yi kyau, ko da fargaba ta hana ka dubawa. Je ka duba. Baƙi a kan launin azurfa mai ramuka, ai nan ne gidansa.

Alkyabba ce ba gidansa ba. Faffaɗa ce, mai santsi, ga ta fara. Ruwan ya rasa kwarin da zai faɗa, sai ya tsaya inda ya ga dama ya yi tafki. Abin da tafkin ke yi in yana bushewa sananne ne, har masana sun yi rubutu a kansa: a 1997 wasu masu bincike a Jami'ar Shikago sun bayyana a mujallar Nature dalilin da ɗigon kofi ke barin zobe mai duhu a gefensa in ya bushe. Gefen ɗigon yana manne a wuri ɗaya, kuma a nan ruwa ya fi saurin ƙafewa, sai ruwan tsakiya ya riƙa kwarara zuwa gefe don cike gurbi, yana janye ƙwayoyin launi tare da shi. Ƙarshe launin ya jibge a baki, tsakiya ta yi fayau. Dabbare-dabbaren da kake gani zobba ne irin waɗannan, wani a kan wani. Da ka kwantar da su rigingine kuwa, sai ka sauya wa ruwan hanya. Inuwa a ƙasan abu take zama, ƙarƙashin haɓa, ƙarƙashin hannu, gindin ninki. Sojan da ke kwance, ruwansa gefe da baya yake gangarawa, ya taru inda hasken rana ya kamata ya sauka.

Minti goman nan su ne suka fi yi maka illa. Wannan fenti yana ba ka minti ɗaya zuwa biyu kana juya shi yadda kake so. Daga nan sai samansa ya fara yin yana, ƙasan kuma da sauran danshi. Buroshin da ya taɓa shi a wannan hali yanar yake yagewa, ya bar tabo mai kaifin baki da ba ya komawa. Tun ran gini ran zane. In lokacin ya wuce, hannu a aljihu har ya bushe sarai, minti 30 zuwa awa guda, a kwari mai zurfi ma fiye. Na'urar busar da gashi kuma iska take hurawa, ta tura tafkin ya hau tudu ya bushe a can.

Ba ka faɗa ba, amma na san ba ka girgiza kwalbar ba. Sheƙin shidan farko ne ya tona ka. Kwalbar da ta daɗe a kanta, farin garin nan mai kashe sheƙi kwanciya yake yi a gindinta. Ka ɗebi na sama, wanda ba shi da garin, ya bushe yana ƙyalli. Da ka zuba ruwa ka motsa, sai garin da ya kamata ya wadaci kwalba guda ya tashi a cikin ragowar, ga danƙon da zai riƙe shi ruwa ya raunana shi. Shi ne farin da ya kwanta a lungunan huɗun ƙarshe kamar alli. Kuskure ɗaya ne ya fito maka da fuska biyu. Da ka ɗaga kwalbar ka leƙa gindinta kafin ka buɗe, da ka ga farin kwance.

Yanzu maganar Yaya, domin ita ce gaba da buroshi.

Dabarunka biyu duk ba za su kai ka ko'ina ba. Sojojin nan shi ya yanko su daga jikin firam ɗin robar da ake sayar da sassansu manne a kai, ya kankare layin da injin zubi ya bari, ya zaɓi kan da zai ɗora wa kowane jiki, ya karkata hannun wannan ya ɗaga takobin wancan. Mutumin da ya yi haka yana gane nasa kamar yadda kake gane rubutun hannunka. Sababbin da za ka harhaɗa cikin gaggawa, kallo ɗaya zai yi musu. Zancen fenti ya lalace kuwa, yana buɗe kwalbar zai ga ta tsinke, kuma ya fi ka sanin cewa daɗewa a rufe ba ta sa fenti ya ƙaru da ruwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yau laifinka ɗaya ne, na ɗan koyo, wanda duk mai wannan sana'a ya taɓa yi. In ka bi ɗaya daga cikin hanyoyin nan ka ƙara na biyu, kuma shi ne wanda zai sa a kulle kantar.

Kiran nan biyu da ba ka ɗauka ba sun fi damuna a kan alkyabbobin. Mutum yana nesa, ya kira ƙanensa sau biyu shiru, ba sojojin roba zai fara kawowa a ransa ba. Ka kira shi yau. Kafin nan ka jera su a bakin taga da rana, ka ɗauki hoto gaba da baya, kada ka zaɓi kusurwar da ke ɓoye ɓarnar, ka tura masa. Ka ce: "Yaya, na yi ɓarna. Na lafta baƙin inuwa a kan fararen alkyabbobin, na kuma zuba ruwa a kwalbarka, zan biya ta. Ka ba ni izini in gyara, ko in jira ka dawo?" Ka tsaya a nan. Kada ka ce ai ba wani abu ba ne, shi ke da ikon faɗin haka. Mai yiwuwa ya yi dariya ya ba ka labarin nasa na farko, mai yiwuwa ya yi faɗa. In ya yi faɗa ka saurara, kayansa ne. In kuma ya ce kada ka sake taɓa su sai ya zo, to ka bar su, ko da hannunka na ƙaiƙayi. Garin neman gira ake rasa ido.

Ni ma na taɓa ganin ta kaina. Shekarun baya ina tsakar aiki a kan wasu mahaya dawakai na wani abokina, hannun rigata ya ture buɗaɗɗiyar kwalba cike da fentin inuwa mai launin ƙasa. Ina kallo ya bi tebur ya shige ƙarƙashin dawakai uku, ya jiƙa takardun dokokin wasan, ya ɗiga a kan wandona. Kwana uku ina tsara yadda zan faɗa masa. Da na faɗa, tambayarsa ta farko ita ce ko da sauran wani abu a kwalbar.

In ya ba ka izini, kada ka yi wa goman magani ɗaya. Ka ware su.

Masu sheƙi kawai, waɗanda inuwarsu ta zauna daidai a sulke da ɗamara, su ne mafi sauƙi. Shafi ɗaya na banish marar sheƙi, wato ruwan kariya marar launi da ake shafawa a kan fenti, ya kashe ƙyallin, amma ka bar shi sai ƙarshe, bayan ka gama sauran gyaran. Fararen lunguna kuma, sabuwar kwalba da aka girgiza sosai, ɗan siririn buroshi, ka bi lungun kaɗai ka sake ɗiga inuwa a kan farin. Yawanci shafi ɗaya ko biyu ya haɗiye shi.

Alkyabbobin ne za su ci maka lokaci, kuma a nan ne za ka koyi aikin da gaske. Kada ka ɗauko farin fenti mai kauri ka ce za ka binne baƙin da shafi ɗaya. Fari ba shi da ƙarfin rufe duhu, za ka yi ta ƙarawa har ninkin tufar ya cike ya zama kamar an yaɓa masa laka. Ta ruwan toka ake bi. Ka sami ruwan toka mai haske, ka tsinka shi da ɗan ruwa a kan faranti har ya riƙa bin buroshi ba ya barin sawu, ka shafa a tudun kowane ninki da faffaɗan wurare, ka bar can cikin kwarin da duhunsa. Shafin farko zai ba ka tsoro, zobban za su riƙa leƙowa. Ka bar shi ya bushe ka ƙara na biyu, wataƙila na uku. Sannan ka haɗa tokar da fari ka shafa a wuri mafi ƙanƙanta a kan na farko, farin zalla kuma a ƙololuwar ninki kaɗai da bakin alkyabba. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, wannan ita ce hanyar da ƙwararru ke bi tun asali: launi, inuwa, sannan a dawo da launin a tudu. Kai dai ka tsaya ne a tsakiyar hanya ka ɗauka ƙarshenta ke nan. Inda baƙin cikin kwarin ya yi tsanani kusa da fari, ka ja tokar ta ɗan shiga gefensa ta tausasa shi.

Waɗanda ka yage yanarsu, ka shafa yatsa ka ji. In tabon launi ne kawai ba shi da tudu, rufewa za ka yi kamar sauran. In kana jin kaushinsa, ko fenti ya cike fuska har ido da baki sun ɓace, wannan sai wanki. Ka jiƙa shi cikin sinadarin aisofurofil mai ƙarfin kashi 90 ko fiye na ɗan lokaci, ka goge da tsohon buroshin haƙori, ka ɗauraye, ya bushe, a sake shimfiɗa, wato shafin fenti na farko da ake ɗora sauran launuka a kansa. Ka yi a wuri mai iska, nesa da wuta, domin yana kamawa. Kada ka kuskura ka kusantar da asiton, wato irin ruwan da ake cire jan farce da shi, domin narkar da robar yake yi, kuma daga nan babu gyara. Ka kuma tambayi Yaya ko roba ce ko rezin, wani abu mai kama da roba da ake zuba wasu sojojin da shi, don rezin yakan yi laushi in ya daɗe a jiƙe. Cikin goman ba na zaton waɗanda za su bukaci wanki sun wuce biyu.

Ka fara da guda ɗaya, wanda ya fi muni a cikin masu rufuwa, ka kai shi ƙarshe, ka tura wa Yaya hoto. Kwana 12 sun isa, in ba ka ce sai ka gama a dare ɗaya ba.

Don gaba, launin inuwar ma zaɓarsa ake yi. Kamfanin Games Workshop na birnin Notingam a Ingila, wanda ya fitar da wasan Warhammer a 1983, yana da jerin irin wannan fenti da kusan kowa ya san sunayensu. Nuln Oil baƙi ne, na ƙarfe da sulke. Agrax Earthshade launin ƙasa ne, na fata da itace da ƙashi. Reikland Fleshshade ja-ja ne, yana dacewa da fatar jiki da zinariya. Seraphim Sepia ya fi su haske, shi ake kai wa rawaya. Farar tufa ba ta son ko ɗaya daga cikinsu zalla. Abin da take so shi ne toka mai ɗan shuɗi, a sirka ta sosai, a sa a cikin ninki kaɗai. Sirkin kuma da ruwan danƙo marar launi ake yi, irin Lahmian Medium, kashi ɗaya na inuwa da ɗaya ko biyu na sirki, a kan faranti, ba a cikin kwalba ba. Shi yana rage ƙarfin launi ya bar malalar yadda take. Ruwa kaɗan a bakin buroshi ba ya kashe kowa, tuttula shi a kwalba ne ɓarna.

Yadda hannu ke tafiya kuwa: ka manna sojan a kan marfin kwalba da ɗan danƙo don ka riƙe shi a tsaye ba ka taɓa shi ba. Ka girgiza fentin minti guda cur, ka leƙa gindin ka tabbata farin ya tashi. Ka ɗebo, ka rage a gefen faranti, ka ɗauki sashe ɗaya, hannu ko ƙafa ko garkuwa, ka gama shi kafin ka koma wani. Inda ka ɗage buroshi a nan fenti ya fi taruwa, don haka ka riƙa jan sa zuwa kwari ka ɗage a can. Sannan ka goge buroshin a tsumma ya zama da ɗan danshi kawai, ka zagaya kana neman tafki: bayan gwiwa, gindin alkyabba, ramin ido. Ka taɓa tsinin buroshin a tsakiyar tafkin, za ka ga ya zuƙe shi da kansa. Rabin gwanintar wannan fenti kwashewa ce. In bayan ya bushe ka ga inuwar ba ta kai ba, ƙarawa ba wuya.

Abin da ka gani ana shafawa sau ɗaya komai ya fito, ina zaton wani dangi ne daban. A 2019 kamfanin Games Workshop ya fitar da Contrast, daga baya The Army Painter na Danmak ya kawo Speedpaint a 2022, Vallejo na Sifen ma yana da Xpress Color. Su sun fi kauri da ƙarfin launi, an yi su ne don a ɗora a kan shimfiɗa fara ko mai haske, su ba da launi da inuwa a shafi guda. Suna da kyau ƙwarai a kan gashi, sarƙa, ɓawon dodo, duk abin da ke da ramuka. A kan faffaɗar alkyabba ko jikin tankar yaƙi su ma dabbare-dabbaren suke yi in hannu bai iya ba. In a bidiyo ka gani, mai nuna maka ya zaɓi mutum-mutumin da zai fito da shi kunya, ya kuma yanke wurin da ya zauna yana kwashe tafki.

Kwalbar Yaya kuwa, ka sayo masa irin ta sak, ka duba sunan a jikin tsohuwar, kada ka kawo mai kama da ita. Tsohuwar ka riƙe, ta zama taka, za ta yi maka amfani a kan duwatsu da ƙasar da ake yi wa sojoji a ƙarƙashin ƙafa, inda fari-fari ba ya damun kowa. Sabuwar kuma, duk ranar da za ka buɗe ta, ka dasa gindinta a cikin dunƙulen danƙo a kan tebur, can gefen da hannun rigarka ba ya bi.